Hanyar lissafi ba guda ba ce

A Galmi, cikin yankin Malbaza, yaro mai saida albasa ba ya kuskuren lissafi. Kashi 3, kowane dala 15, nan take zai ce dala 45. Amma in malamin kwaleji ya rubuta 75 x 3 a allo, sai ya yi tsuru-tsuru. Alhali lissafin guda ne, tun da dala sefa 5 ce: dala 45 su ne sefa 225.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Kowane kai da hanyarsa. Wani da ka yake lissafi, kamar ƴan canjin naira na Birnin Ƙonni. Wani sai ya zana ya gani. Wani kuma sai ya taɓa da hannu, kamar mai awon hatsi da tiya a kasuwar Badagishiri.

Malamin da ya kafe a hanya guda, ya ba sauran sifiri, korar yara yake yi daga makaranta. Makarantar gwaji, tun ta farko a Damagaram a 1973, da harshen gida take farawa. Lissafi ma ya fara daga abin da yaro ya sani. Malam ya tambaye shi: "Ƙaƙa ka yi ka samu?" Sannan ya kai shi allo.