Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Duk wanda ya saba zama da 'yan kasuwarmu a Bilbalogho ko rumfunan kasuwar Rood Woko ta Wagadugu ya san cewa idan magidanci ya ga jini a bayan gida, sunan abin ɗaya ne: basir. Sai a aika yaro wajen mai saiwoyi, a jiƙa a sha, a ɗaure kaya a kama hanyar Cinkassé. Sau da yawa basir ɗin ne. To amma sankarar hanji ma da irin wannan sallamar take shigowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 kaɗai ta kashe mutane fiye da 930,000.

Abin takaicin shi ne cutar tana ba da lokaci. Ɗan tsiro ne ke fitowa a bangon hanji, ya yi shekaru kafin ya rikiɗe, kuma likita na iya tsinke shi da na'urar leƙa hanji. Me ke hana mu zuwa?

Na farko kunya. Alhaji mai iyali da yaran shago ba ya son a ce ta dubura za a duba shi. Ya je asibitin Yalgado kuma, likita na Faransanci ko Mosanci, tafintan kuwa ɗan cikinsa ne. Wane uba ne zai kwatanta wa ɗansa kamannin bahayarsa? Sai ya ce ciki ne kawai ke damunsa, a rubuta masa ƙwaya. Ko a Amurka, inda aka sauko da shekarun fara gwajin zuwa 45 a 2021, masu jin Sifaniyanci na baya wajen yin sa, saboda matsalar harshe da rashin inshora.

Sai kuɗi. Idan ba a manta ba, a 2016 gwamnatin Burkina Faso ta mayar da jinyar masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, har da gwajin sankarar bakin mahaifa. Hanji bai shiga ba. Ga kuɗin na'ura, ga yinin wanke ciki da za a yi ba a buɗe rumfa ba.

Wanda ya haura 45, ko ya ga jini, ko bahayarsa ta canza makonni, ko yana ramewa ba dalili, ko cutar ta taɓa kama ɗan'uwansa, ya nemi likita ya faɗi komai. Tafinta kuma ya ɗauki tsaransa, ba ɗansa ba.