Takardar Koke Kan Shafe Zanen Bangon Ɗakin Karatu

Zuwa ga Shugaban Kwaleji,
Ta hannun Shugaban Sashen Zane-zane.

Ranka ya daɗe,

Mu ɗaliban sashen zane-zane mun kawo kukanmu ne a kan zanen da ke jikin bangon ɗakin karatu. Mun dawo daga hutu muka tarar an bi shi da farin fenti. Ba a neme mu ba, ba a nemi malaminmu ba. A bakin maigadi muka ji labari.

Wataƙila Shugaba bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Rijiya ce guda, makiyayi da shanunsa a dama, manomi da fartanyarsa a hagu, guga ɗaya a tsakaninsu. Zango biyu muka yi muna aikinsa, fentin ma karo-karo muka yi muka saya. Amma ba asarar kuɗin ce ta fi ci mana rai ba. Gindin bangon nan ya zama dandali. Wani ya ce mun fifita makiyayi tunda igiyar gugan tana hannunsa, wani ya ce ai manomin ne ya haƙa rijiyar. Mun ga ɗaliban da ko gaisuwa ba ta haɗa su a aji sun tsaya a wurin suna musu har a kira sallar la'asar, kowa yana kawo abin da ya faru a ƙauyensu. Ba a taɓa ɗaga hannu ba.

An ce mana dalilai biyu ne: wai zanen zai iya tayar da fitina, kuma akwai surar masu rai. Na biyun ba mu raina shi ba, magana ce ta malamai, kuma da an zaunar da mu da su da mun saurara. Magina a Zariya da Kano sun daɗe suna ƙawata fuskar gida da dagi da sauran zayyana, har keke da mota suna fitarwa a jikin bango. Hanyar gyara ba ta ƙare ba.

Na farkon ne muke ja da shi. A birnin San Faransisko na Amurka akwai wata sakandare mai sunan George Washington, inda Victor Arnautoff ya yi zane a 1936, ya nuna bayi suna aiki da gawar wani ɗan asalin ƙasar a yashe. Ɗalibai baƙaƙe suka ce zanen yana ci musu fuska. Ba a goge shi ba. Aka ba wani matashin mai zane, Dewey Crumpler, bango a cikin makarantar ya mayar da martani da nasa zanen, ya gama a 1974. Da hukumar ilimi ta yanke shawarar shafe na Arnautoff a 2019, sai da magana ta kai kotu, daga baya hukumar ta janye. Mu ko tambayarmu ba a yi ba.

Saboda haka muna roƙon a ba mu dalilin shafewar a rubuce, da sunan ofishin da ya ba da umarni. Muna roƙon a kafa kwamitin da zai riƙa duba duk zanen da za a yi ko za a cire a harabar kwaleji, a sa ɗalibai a ciki, da malaman zane, da limami da fasto, kuma kada a taɓa wani zane sai an ɗauki hotonsa an ajiye. Sannan a mayar mana da bangon. Ɗaliban da zanenmu ya ɓata wa rai a ba su bangon da ke kallon namu, za mu ara musu buroshi da tsani.

Mun ji ƙishin-ƙishin cewa wani kamfani ya nemi bangon don talla. Muna roƙon a dakatar da wannan magana har sai an saurare mu.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya.

Mu ne masu biyayya,
Ɗaliban Sashen Zane-zane.