Sauya addini a Indiya: Matsin da ya fi nauyi na cikin gida ne

Duk lokacin da aka tayar da maganar sauya addini a Indiya, hoto ɗaya 'yan siyasa ke zana wa jama'a: wani baƙon fasto ya shigo ƙauye da buhun shinkafa da alkawarin makaranta kyauta, ya ruɗi talakawa sun bar addinin Hindu. A kan wannan hoto aka gina dokokin hana sauya addini da ke aiki yanzu a jihohi fiye da goma na ƙasar. Sai dai akwai matsin da ya fi na baƙon fasto nauyi, wanda ba a cika ambatonsa a majalisa ba, wato na cikin gida. Akwai uwar mijin da ke jiran amarya ta karɓi baftisma, akwai uban da ya shiga coci bayan ya tashi daga doguwar jinya yana son 'ya'yansa su bi shi, ga kuma dangi a ɗaya ɓangaren da ke barazanar yanke zumunci idan aka kuskura.

Alƙaluma ba su nuna wata guguwa ba. A ƙidayar jama'a ta 2011 mabiya addinin Hindu kashi 79.8 ne cikin ɗari, Musulmi kashi 14.2, Kiristoci kuwa kashi 2.3, kimanin mutum miliyan 28. Tun ƙidayar 1951 kason Kiristoci bai taɓa kai kashi 3 ba. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021, bayan ta tambayi manya kusan dubu 30, ya gano cewa kashi 0.4 ne kacal na manyan ƙasar suka taso a addinin Hindu suka koma Kiristanci, kuma akasarinsu a kudu suke. Amma a ƙasar da ta haura mutum biliyan ɗaya da miliyan 400, wannan ɗan kaso ma miliyoyin mutane ne, kowannensu da iyaye da surukai.

Mafi yawan rikicin ta ƙofar aure yake shigowa, kuma abin lura shi ne doka ba ta tilasta wa kowa ba. Dokar auren Kiristoci ta 1872 ta yarda a ɗaura aure ko da ɗaya ne kawai Kirista cikin ma'auratan. Cocin Katolika ma ba ta wajabta wa wanda ba Kirista ba ya tuba kafin aure. Izinin bishof ake nema, sannan ɓangaren da ke Katolika ya yi alkawarin yin iya ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'ya baftisma. Iyali ne ke ƙara nasu sharaɗin. Ba da sanda ake yi ba. Da shiru ake yi, da ƙin cin abincin amarya, da tambayar da ke dawowa kowace Lahadi, har ranar da za a haifi jikan fari a tashi maganar sunan da za a raɗa masa da wurin da za a kai shi.

Akwai hanya ta uku, dokar aure ta musamman ta 1954, wadda ta ba mabiya addinai daban damar yin aure a ofishin gwamnati kowa na riƙe da addininsa. Matsalarta ita ce sai an liƙa sanarwa a fili tsawon kwana 30, domin mai ƙorafi ya fito. A garin da kowa ya san kowa, kwana 30 sun isa a kira kawu da baffa, a kulle yarinya a ɗaki, a nemo 'yan ƙungiya su yi cincirindo a ƙofar ofis. Shi ya sa masoya da dama ke ganin sauya addini ya fi sauƙi da sauri. Wato dokar da aka yi don kada a matsa wa kowa ita ke tura wasu ga abin da ba su yi niyya ba.

Wanda ya miƙa wuya kuma yana da asarar da zai lissafa. A dokar auren Hindu ta 1955, barin addinin hujja ce da miji ko mata za su nemi saki da ita. A dokar gado ta 1956, wanda ya sauya addini ba ya rasa gadonsa, amma 'ya'yan da ya haifa bayan sauyawar ba za su gaji danginsu 'yan Hindu ba, sai in su kansu 'yan Hindu ne a lokacin da gadon ya faɗo.

Asarar da ta fi zafi, wadda duk ma'aikacin gwamnati zai gane nan take, ita ce ta gurbin aiki. Indiya ta keɓe kashi 15 cikin ɗari na ayyukan gwamnatin tarayya ga 'yan Dalit, waɗanda tsarin ajin haihuwa ya jefa a ƙasan kowa, har a da ake ƙyamar taɓa su. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya taƙaita wannan gata ga 'yan Hindu. An ƙara mabiya Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990, amma har yau babu Kirista babu Musulmi. Saboda haka matashin Dalit da mahaifiyarsa ke roƙon ya karɓi baftisma yana auna hawayenta ne da takardar ɗaukar aiki. Wasu sun zaɓi zuwa coci ranar Lahadi, a takarda kuma su ci gaba da zama 'yan Hindu. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da buƙatar wata mata daga Puducherry da aka yi wa baftisma amma ta nemi takardar shaidar Dalit don samun aikin ofis. Tun Oktoban 2022 gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai K.G. Balakrishnan don duba ko za a faɗaɗa gatan.

Adalci ne a saurari dangin da ake bari a baya. A al'adar Hindu ɗa ne ke kunna wutar ƙona gawar mahaifinsa, shi ne kuma ke yi masa hidimar tunawa duk shekara. Uban da ɗansa ya koma coci yana ganin ya rasa mai raka shi. Wasu sababbin majami'u na ƙara wa wutar fetur, suna umartar sabon tuba ya fitar da gumakan gida, ya daina cin abincin da aka miƙa a wurin bauta, ya janye daga karo-karon bikin ƙauye. Ga kuma tarihi: Turawan Fotugal sun kafa kotun binciken addini a Goa a 1560, kuma ba a manta da abin da ta yi ba, duk da cewa Kiristocin Kerala, da ke danganta asalinsu ga Toma manzo, sun riga Turawan da ƙarnoni.

To, me dokokin jihohi suka yi wa wanda ke tsakiya? Odisha ce ta fara a 1967, Madhya Pradesh ta bi a 1968. A 1977 Kotun Ƙoli ta tabbatar da su, inda ta ce 'yancin yaɗa addini da ke sashe na 25 na kundin tsarin mulki bai haɗa da 'yancin sauya wa wani addini ba. Sababbin dokokin sun fi tsanani. Ta Uttar Pradesh ta 2021 ta ce mai niyyar sauyawa ya sanar da babban jami'in gunduma kwana 60 kafin nan, a kuma yi bincike. Ta ɗora wa wanda ake zargi nauyin tabbatar da cewa babu tilas. Ta ba iyaye da 'yan'uwa damar kai ƙara, sannan gyaran 2024 ya buɗe ƙofar ga kowa, ya kai hukuncin wasu laifukan zuwa ɗaurin rai da rai. Komawa addinin da mutum ya baro kuwa, dokar ba ta lissafa shi a sauyawa ba.

A rubuce dokar ta ambaci matsin da bai dace ba, har da na aure. A aikace kuwa, amaryar da ke son aurenta ya ɗore ba za ta kai uwar mijinta ofishin 'yan sanda ba. Wanda zai je shi ne ɗan'uwan da ya fusata, ko ɗan ƙungiyar da bai ma san gidan ba. A ganina nan ne babban aibin yake: dokar ba ta rage matsin ba, makami ta miƙa wa ɓangare ɗaya na iyali. Macen da surukai ke ja ta nan, iyaye ke ja ta can, yanzu an ƙara mata jami'in gunduma da zai tambaye ta abin da ke zuciyarta. Gaba kura, baya sayaki.

Kotun Ƙolin da kanta ta faɗi abin da ya saɓa wa wannan tsari. A 2018, a shari'ar wata ɗaliba 'yar Kerala da ta musulunta ta yi aure mahaifinta ya kai ƙara, kotun ta maido da auren, ta ce zaɓin addini da na abokin zama haƙƙin baligi ne, ba na iyaye ko na hukuma ba. Ƙararrakin da ke ƙalubalantar sababbin dokokin na gabanta. A nan gida, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci 'yancin sauya addini ƙarara, abin da sashe na 25 na Indiya bai furta da baki ba, kodayake mai karatu ya san tazarar da ke tsakanin abin da kundi ya ce da abin da taron dangi ke yankewa.

Rikicin ma ba ya tsayawa da mutuwa. A Janairun 2025 gawar wani fasto daga yankin Bastar na jihar Chhattisgarh ta yi kusan mako uku a ɗakin ajiye gawa, saboda mutanen ƙauyensu sun hana ɗansa binne shi a inda aka binne danginsa. Magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai biyun suka saɓa: Mai Shari'a B.V. Nagarathna ta ce a binne shi a gonar iyalinsa, Mai Shari'a Satish Chandra Sharma ya ce a kai shi maƙabartar da aka keɓe wa Kiristoci. Don kada gawar ta ci gaba da jira, aka ba da umarnin binne shi a maƙabartar Kiristoci ta Karkapal, kimanin kilomita 20 daga ƙauyen da ya rayu, tare da rakiyar 'yan sanda.