Tawadar Jikin Leda Ma Cikinmu Take Shiga

Rubutun wannan mako da masu gidajen ruwan leda nake, da masu ƙulla garin yaji da tafarnuwa a Wurno, Rabah da Goronyo.

Kwanan baya na sayi ruwa a tasha, na fasa da haƙori kamar kowa. Ina gamawa na ga tafin hannuna ya yi shuɗi, leɓena ma haka. Da na yi wa wani mai sana'ar ƙorafi, sai ya ce wai ai rubutun a waje yake, bai taɓa ruwan ba. Wannan hujja ba ta da ƙafar tsayawa.

Na farko, a wajen ledar bakinmu yake sauka. Na biyu, injin filekso da ke buga ledar a nannaɗe yake fito da ita, fuskar da aka buga tana kwance kan fuskar da za ta zama ciki. Idan tawada ba ta bushe ba, can take komawa. A shekarar 2005 hukumomin Italiya sun kwashe miliyoyin litoci na madarar jarirai ta Nestlé daga kasuwa, saboda sinadarin ITX na tawadar kwali ya shiga madarar ta wannan hanya. In babban kamfani ya faɗa wannan rami, wa ya ce mu mun tsira?

Tawadar filekso iri uku ce. Mai ruwa ta fi dacewa da takarda da kwali. Mai haɗin tina tana kama leda, amma in an yi gaggawar busar da ita, warinta yana bin abin da aka ƙulla. Ta ukun da fitilar UV ake busar da ita, kuma irinta ce ta jawo abin Italiya. Kowacce aka zaɓa, sai an fara gyara fuskar ledar da lantarki kafin ta kama. Amma mu tambayarmu biyu ce kawai idan mun kira mai bugu a Kano ko Legas: nawa ne kilo, kuma kalar za ta fito rangaɗau? Alhali kayan nan a ranar Sakkwato za su yini, wadda ke wuce digiri 40 lokacin bazara.

Za ku ce tawada mai kyau tana da tsada. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Ku nemi mai bugu ya rubuta muku cewa tawadarsa ta kayan abinci ce. Idan naɗin ya iso, ku sansana shi. Ku manna salatif kan rubutun ku fizge, ku goga da jiƙaƙƙen tsumma. In kala ta fita, ku mayar masa da kayansa. Lambar NAFDAC da ke gogewa a hannun yaro me ta tsare?

Mu kuma masu saye, ledar da ta rina mana hannu kada mu sake sayenta, kuma mu gaya wa mai ita dalili. Allah Ya tsare mana lafiyarmu.