Sayen Ƙarin Jarumi a Wasan Bidiyo: Riba ko Hasara?

A wannan mako zancenmu a kan wasan bidiyo ne, irin wanda yaranmu da ƙannenmu suke yi a kwamfuta, har da 'yan mata na makaranta. Sau da yawa uwa takan ji yaro ya zo yana roƙon kuɗi wai zai sayi sabon jarumi, alhali an riga an saya masa wasan. To, mene ne wannan jarumi, kuma ya cancanci kuɗin?

Bari mu ɗauki wasa guda mu duba. Kamfanin Blizzard na ƙasar Amurka ya fito da Diablo III a shekarar 2012, kuɗinsa a lokacin dala 59.99. A cikinsa mai wasa yakan zaɓi ɗaya daga jarumai iri 5, ko wanne da irin faɗansa: akwai ƙato mai gatari, akwai maharbi, akwai mai yaƙi da dunƙulen hannu, akwai boka, akwai matsafi. Ko wanne kuwa ana iya zaɓensa namiji ko mace.

A 2014 aka fito da ƙari mai suna Reaper of Souls a kan dala 39.99. Wannan ya zo da jarumi na shida mai sulke da garkuwa, da sabon babin labari, da sababbin ƙasashen da za a shiga, kuma aka ɗaga iyakar matakin ƙarfi daga 60 zuwa 70. Sa'an nan a watan Yuni na 2017 aka kawo Rise of the Necromancer a kan dala 14.99, watau jarumi na bakwai, boka mai ta da ƙasusuwan matattu su yi masa yaƙi. Ba shi da sabon labari. Jarumin ne kawai, da gurbi 2 na ajiye jarumai, da 'yan kayan ado kamar fukafukai da tuta.

A kasuwarmu, in kin sayi mudun gero, mai awo yakan yi miki gyara kyauta. Waɗannan kamfanoni kuwa gyaran ma sayar da shi suke yi. Ba lalle ne a kira shi zamba ba, don masu zane da masu tsara wasan aiki suka yi, sai an biya su. Amma wajibi ne mai saye ya san abin da yake saye, kada a yi cinikin biri a sama.

Abu na farko, ki tambayi yaron ko ya gama wasa da jaruman da yake da su. Wanda bai taɓa 4 daga cikin 6 ba, me zai yi da na bakwai? Amma wanda ya daɗe yana wasan har ya san lungu da saƙonsa, sabon jarumi yakan mai da masa tsohon wasa sabo, domin dabarun faɗan duka sun sake. Ga irin wannan mutum, dala 15 ta fi sauƙi bisa sayen wani wasa na dala 60.

Na biyu, ki bincika ko ƙarin yana tsayawa da ƙafarsa. Bokan nan na 2017 ba ya aiki a kwamfuta sai kina da wasan asali da ƙarin 2014 duka biyu. Ki kuma lura, sababbin wuraren da aka buɗe a lokacin fitowarsa an ba da su kyauta ga duk mai Reaper of Souls, ko bai sayi bokan ba.

Na uku, haƙuri yana rage tsada. Kamfanin ya haɗa wasan da ƙarin nan biyu a ƙunshi guda mai suna Eternal Collection, wanda ya iso na'urar Nintendo Switch a 2018. Mai farawa sabo, ƙunshin ya fi masa sayen ɗai-ɗai. Dabarar kuwa ba ta tsaya nan ba: Diablo IV ya fito a 2023 da jarumai 5, a 2024 aka sayar da na shida cikin ƙarin Vessel of Hatred. Akwai kuma Path of Exile na wani kamfanin ƙasar Niyu Zilan, wanda ya fito a 2013, shi jarumansa duka kyauta ne, kayan ado da wurin ajiya ake saye.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne shekaru. Hukumar ESRB ta Amurka ta sa wa Diablo alamar 'yan shekara 17 zuwa sama, saboda yawan jini da faɗa. Yaron firamare ba shi da abin yi a nan, balle a ƙara masa boka. Kada kuma ki bar lambar katin bankinki a ajiye cikin na'urar, don da latsawa ɗaya kuɗin cefane ya tafi.

Ke kuma 'yar makaranta, in kin kai shekarun kuma ranki ya biya, ki tara daga kuɗin kashewarki, ki jira hutu ya zo. Kuɗin littafi da na jarrabawa kada ki taɓa su. In bayan wata guda har yanzu kina so, ki saya. Sau da yawa kafin watan ya ƙare marmarin ya wuce, kuɗinki na nan a asusu.

Sai mako mai zuwa.