SHARHINMU: Karatun haɗa magunguna, maki ne ke buɗe ƙofa ba ɗan kamasho ba

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, iyaye a Nima da Maamobi kan shiga zullumi, musamman waɗanda ke burin ganin 'ya'yansu sun karanci ilimin haɗa magunguna. A irin wannan lokaci ne 'yan kamasho ke zagayawa rumfa-rumfa a Kasuwar Makola, suna cewa sun san wani babba a jami'a, a kawo kuɗi kawai yaro ya samu gurbi. Don haka muka ga ya dace mu bayyana yadda ake tantance masu neman wannan karatu.

Abin da kwamitin ɗaukar ɗalibai ke fara dubawa, ko a Jami'ar KNUST da ke Kumasi ko a Jami'ar Ghana da ke Legon, shi ne sakamakon darussa 6: uku na dole, ciki har da Turanci da Lissafi, sai uku na ɓangaren kimiyya, irin su Kemistiri da Bayoloji da Fiziks. Kowane sakamako da lambarsa: A1 lamba 1, B2 lamba 2, B3 lamba 3, har zuwa C6. Wanda ya faɗi ƙasa da C6 a ɗaya daga cikin darussan da ake buƙata, an rufe masa ƙofa tun daga nan. Daga nan sai a haɗa lambobin, kuma a nan ƙarami shi ne babba, domin wanda ya samu jimillar 6 ya ci A1 a duka. Ana jera masu nema daga mafi ƙarancin jimilla, a yi ta ɗauka har gurabe su ƙare. Saboda yawan masu nema, cika sharaɗi kawai ba ya wadatarwa.

Ke nan hukuncin tun a sakandare ake yanke shi. Yaron da bai zaɓi ajin kimiyya ba, ko yarinyar da ake tashi da asuba ta yi tsaron rumfa har a makon jarrabawa, babu ɗan kamashon da zai rage musu jimilla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bugu da ƙari, tun 2012 KNUST ta mayar da karatun na shekara 6, kuma bayan an gama sai an samu lasisin hukumar Pharmacy Council kafin a fara aiki. Doguwar tafiya ce mai buƙatar guzuri.

Abin ya shafe mu kai-tsaye. Idan ba a manta ba, a 2018 shan tiramadol ya zama annoba a tsakanin matasanmu, kuma har yau ana tallar magani a faranti cikin rana a kasuwanninmu, daga Aflao har Paga. Muna buƙatar masana namu da za su yi wa tsohuwa bayanin maganin hawan jini da harshen da take ji.

Muna kira ga 'yan kasuwa da su sayi fom ta hanyar da jami'a ta sanar kawai, su kuma zuba kuɗin da za su ba ɗan kamasho wajen littattafai da malamin darasi. Ga sarakunan zango da limamai kuma, lokaci ya yi da za a kafa asusun tallafa wa ɗalibanmu na kimiyya. Allah Ya sa mu gane.