Guzurin Mai Ratsa Tenere

Da wuya a sami unguwa a Damagaram, Maraɗi ko Tawa wadda ba ta da ɗa ko miji da ya yi arewa neman halaliyarsa, wani Arlit, wani Dirku, wani kuwa wuraren tonon zinariya da suka buɗe a ƙasar Agadas tun shekarar 2014. Idan tafiya ta taso, gida kan kwana biyu yana haɗa guzuri, a ƙulle kilishi da garin rogo, a auno sukari da ganyen shayi. Zancen ruwa kuwa sai a bar wa direba, alhali shi ne kan guzurin.

A watan Oktoba na 2013, motoci biyu da suka tashi daga Arlit za su Tamanraset suka lalace kafin su kai iyakar Aljeriya. Da masu nema suka isa, gawa 92 suka tarar warwatse cikin rairayi, 52 daga ciki ta yara ce, 33 ta mata, mafi yawansu mutanen ƙasar Kance. Ƙishirwa ce ta kashe su, Allah ya jiƙansu. Lalacewar mota abu ne na kullum a hanyar nan. Abin da ya mai da ita ajali shi ne ruwan da aka ɗauka ya ƙare, kuma ba a fita nemansu da wuri ba.

To, mu yi lissafi. Mutum yana tafiya cikin ranar bazara, jikinsa kan zubar da gumi lita 1 cikin awa 1, wani lokaci fiye. Busasshiyar iskar hamada tana shanye gumin nan take, shi ya sa mai shi ba ya ganin jiƙewa a rigarsa balle ya farga. Wanda ke zaune a inuwa ma yana bukatar kamar lita 5 a yini, mai motsi kuwa ninkin haka. Daga Agadas zuwa Dirku ya haura kilomita 600. Idan direba ya ce kwana uku ne, ni dai shawarata a ɗauki ruwan kwana shida, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai tafiya da yaro ya ƙara a kan haka, don jikin yaro ya fi saurin bushewa, kuma ba ya faɗa sai abin ya yi nisa.

Mazubin ruwan ma abin dubawa ne. Bido biyu ƙanana sun fi babba guda, saboda in ɗaya ya fashe da girgizar mota, ɗayan yana nan. Kada a saye wanda ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari, komai arharsa. A ɗinke shi cikin buhun algarara, a gwada murfinsa tun a gida ta hanyar cika shi a kife shi ya kwana. Salkar da ayarin Buzaye ke ratayawa idan za su ɗauko gishiri a Bilma tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsa kaɗan kaɗan, iska na busarwa. Daɗin sha gare ta, amma tana rage abin da ke cikinta, don haka ta sha ce a hanya, ba ta ajiya ba. A sa doguwar igiya da guga cikin kaya. Abin takaici ne mutum ya kai bakin rijiya, yana hangen ruwa a ƙasa, ya rasa abin zurawa.

Samarinmu kan raina rawani, su hau mota da hular kwano da ƙaramar riga. Mutanen da suka gaji hamadar nan kaka da kakanni sun fi mu saninta, ga su nan a lulluɓe har ido. Yalwatacciyar rigar auduga mai dogon hannu tana tsare fata daga rana, tana kuma rage saurin tafiyar gumi. Wanda ya tuɓe don ya sha iska ruwan jikinsa yake bayarwa. Rawanin shi ne inuwar kai, shi ne matatar ƙura, in an yi rauni shi ne abin ɗauri. Takalmi ya zama rufaffe, don yashin tsakar rana yana ƙona ƙafa, a kuma kakkaɓe shi da safe saboda kunama. Bargo lalle ne, musamman a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare ke kusan daskarar da ruwa. Sai tocila, da ashana, da wuƙa, da ɗan madubi, da tamfal.

Idan ƙaddara ta sa mota ta tsaya, abin farko inuwa ce. A ɗaura tamfal a jikin motar, a share yashin sama mai zafi, a kwanta a daina kai da kawo har rana ta yi sanyi. A rage cin kilishi da duk abin da ke jawo ƙishi. Kada tattali ya kai ga mutum ya hana kansa sha har hankalinsa ya gushe. Gumin ake tattali da farko. In fitsari ya yi duhu ya ragu, jiki ya fara kuka ke nan. Wanda ya galabaita a dama masa ƙananan cokula 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1, ya riƙa kurɓa. Ruwan injin mota kan zo da sinadari mai guba, kada a kusance shi. Da rana a ƙona taya don baƙin hayaƙi, a haska madubi, da dare a hura wuta. Mai nema ya fi saurin ganin mota da ganin mutum, saboda haka barinta sai in an tabbata da rijiya kusa, an kuma san hanya, sa'an nan a yi tafiyar da dare.

Wata mas'ala ta shafi masu kiyaye salla. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa matafiyin da ke tsoron ƙishirwa ga kansa, ko ga abokin tafiyarsa, ko ga dabbarsa, zai yi taimama ya bar ruwan don sha. Kada wani ya ga ƙarar da bido a alwala ƙarin tsoron Allah ne alhali ga yaro a gefensa leɓe ya tsage.

Zama kusa da mota yana da amfani ne idan akwai wanda zai zo nema, kuma wannan aikin na mutanen gida ne. Waya ba ta kamawa a mafi yawan hanyar, sai mai tauraron ɗan'adam irin Thuraya. Mai tafiya ya tambayi direba ko yana da ita, ya kuma fifita motocin da ke tafiya a jere bisa wadda za ta ratse ita kaɗai don kauce wa shinge. Uwargida ko mahaifi su karɓi sunan direba, da lambar mota, da tashar da aka tashi, da ranar da ake sa ran isa, a rubuta a takarda. In ranar ta wuce da yini guda ba labari, a kira tashar, a sanar da jandarma tun a daren, ba sai an cika mako ana jiran tsammani ba.